Darasin Mai Tanderu

Shekara arba'in da ɗaya ina manna gurasa a cikin tanderu
a Kutaisi, kan layin da ke gangarawa kogin Rioni.
Gashin hannuna ya ƙone tun ina saurayi, bai sake tsirowa ba.
Yau ga ni riƙe da fensir,
ya fi buhun fulawa nauyi.

A Leeds aka haifi jikata Tekla.
Ran Lahadi takan fito a fuskar waya
ta yi ta zuba kamar an kunce famfo,
ni kuwa ina gyaɗa kai irin na ƙadangare,
ina dariya inda ba a yi abin dariya ba.
In an kashe, sai in tambayi bango: me ta ce?

Na sayo littafi mai shuɗin bango a kasuwar gwanjo.
Wani ya riga ni cike rabinsa da biro,
rabin amsoshinsa kuma kuskure ne, in ji Nutsa,
'yar maƙwabta mai shekara goma sha biyar,
wadda nake biya gurasa biyu masu zafi duk darasi.

Na liƙa wa komai na gidan takardar sunansa:
ƙofa, cokali, taga, butar shayi.
Kyanwa ce kawai ta ƙi tsayawa.
Takardar gishiri ta faɗo kan sukari,
na yi mako guda ina kiran zaƙi da sunan wani.

Harshen nan ba ya cika alkawari.
An ce in aiki ya wuce, a ɗaura wa kalma wutsiya.
Na ɗaura wa "go", Nutsa ta ja jan layi:
"went" ne, Kaka.
Daga ina ya fito? Ko kama ba su yi ba,
kamar jaririn da aka musanya a asibiti.
Ga haruffan da ake rubutawa ba a furtawa,
suna zaune cikin kalma kamar 'yan cin biki,
sun ci, sun sha, ba su ce uffan ba.

A harshenmu kalma ɗaya ce ta ɗauki shi da ita.
A nan sai ka tsaya ka tantance.
Sau uku na kira Lamara "he" a jimla guda.
Da tana raye, da ludayi ya same ni a ƙeya.

Shafi na sittin da huɗu ne ya tsayar da ni.
Cike gurbi: matata da kasuwa, a tsakani an bar fili.
Nutsa ta ce hanya biyu ce:
"has been", ta je ta dawo;
"has gone", ta tafi, har yanzu ba ta dawo ba.
Na riƙe fensir har shayi ya huce.
Na rubuta ta biyun.
Ta ce daidai, ta ba ni maki,
sannan ta dubi kujerar da ke bakin taga
ta ce, yau mu tsaya a nan.

Da asuba ina kwaɓi ina bita da ƙarfi,
fulawa, ruwa, yis, wuta,
har mai kawo itace ya zaci addu'a nake.
Ƙullu dai ba ya kumbura don an yi masa tsawa.

Lahadin nan na tanadi jimla mai kalma shida,
na wanke ta, na goge, na kwana da ita ƙarƙashin harshe.
Tekla ta fito da giɓi, haƙorin gaba ya faɗi.
Jimlar ta bi iska.
Na ɗaga gurasa saitin waya, na ce "bread".
Ta girgiza kai, ta ce "puri",
da harshenmu, da irin jan muryar kakarta.
Ban san wa ya koya mata ba.
Muka yi ta musu, ni da nata, ita da nawa,
har batir ya mutu.

Gobe shafi na sittin da biyar: abin da zai zo.
Nutsa ta ce wannan mai sauƙi ne.
Yarinya ce.